Igiyar miƙa gindin ƙyalle: ga amsoshin, kada a sake tambayata

Wace igiya ce wannan?

Ita ce ke jan kusurwar baya ta babban ƙyallen jirgin ruwa mai tafiya da iska zuwa ƙarshen sandar kwance, wadda matuƙa ke kira bum. Turawa suna ce wa igiyar awuthol. Ka ja, ƙasan ƙyalle ya miƙe. Ka saki, ya yi tumbi. Shi ke nan.

Yaushe zan ja, yaushe zan saki?

Iska ta yi ƙarfi, jirgi na kwanciya, sandar tuƙi na kokawa da hannunka: ja. Iska matsakaiciya, ko igiyar ruwa na dukan goshin jirgi, ko iska na bayanka: saki. In iskar ta kusa mutuwa kuma, kada ka saki duka, domin raunanniyar iska ba ta iya bin tumbi mai zurfi.

Ai tun da na sayi jirgin ban taɓa ta ba, kuma yana tafiya.

Mota ma tana tafiya a giya ɗaya. Wannan magana tana ɓata mini rai ƙwarai. Mutum ya ƙulle igiya a ƙarshen bum shekara uku, sannan ya zo yana zargin mai ɗinkin ƙyalle!

Tawa ta yi tauri, ba ta jawuwa cikin iska. In ƙara fuli, wato ɗan gargaren da igiya ke bi ta kansa?

Wataƙila, amma dakata tukuna. Yawancin waɗanda suka kawo mini wannan kuka ba ƙarfin ja suka rasa ba, gurzuwa ce ke cinye ƙarfinsu. Fara sassauta babbar igiyar ƙyalle da wadda ke danne bum ƙasa, sannan ka ja. In ta taho, ka gane nauyin gefen ƙyalle ne ke danne kusurwar. In ba ta taho ba, duba fulin ƙarshen bum. Gishirin teku kan daskarar da shi, kuma inda ƙarfe mara tsatsa ya haɗu da alminiyam, wani farin gari kan taru ya kama komai. Wanke da ruwan daɗi, ka fesa busasshen mai irin Sailkote. Ban da giris, yashi yake tarawa.

Sai bayan wannan za mu yi zancen fuli. Ninki 2, wato fuli ya ninka ƙarfin janka sau biyu, ya isa ɗan ƙaramin jirgi, wanda ya fi girma kan so 4 ko 8. Hanyar da na fi so ita ce ɗora ninki kan ninki a cikin bum: 2 a kan 2 ya ba ka 4, 2 a kan 4 ya ba ka 8. Sai dai kowane ninki da kuɗinsa. A ninki 8, kafin kusurwa ta matsa santimita 10 sai ka jawo santimita 80 na igiya, kuma kowane sabon fuli na ƙara tasa gurzuwar, har ka saki igiya ƙyalle ya ƙi komawa. Wasu na ɗaura roba mai jawo kusurwar gaba, yana aiki, ko da yake rana na cin robar. Ka kuma auna ko fulin da ke yawo a ciki yana da isasshen fili, kada ya tokare kafin ƙyalle ya miƙe. In tsere kake yi, karanta dokar ajin jirginka kafin ka huda komai. Ko Laser, ƙaramin jirgin tsere na mutum ɗaya, wanda ya shiga gasar Olamfik a 1996, ba a sakar wa mai shi ya yi yadda ya ga dama.

Allah ya sa ka ji wannan: kafin ka zare tsohuwar igiya daga cikin bum, ɗaura mata siririn zare a wutsiya. In ka manta, za ka wuni kana zura waya a rami.

Wace irin igiya?

Dyneema, wata igiyar roba mai ƙarfi, kusan ba ta ƙara tsawo in an ja ta. Amma inda za ka riƙe da inda haƙoran maƙalin da ke riƙe igiya za su kama, a sa mai riga, tsirararta santsi gare ta.

Ina tsoron in yaga ƙyallen.

Kwantar da hankalinka. In ƙyallen lafiyayye ne, wata doguwar tamoji za ta fito a jikinsa, a tsawon bum, tun kafin ya kai ga yagewa. Ka gan ta, saki kaɗan. Ka sa alamu da alƙalami a bum don gobe ka san inda ka tsaya.