Farfaɗo da Tsofaffin Tirelolin Yawo na Airstream

Farfaɗo da tsohuwar tirelar yawo aiki ne da mutum kan yi da hannunsa: ya sayi tirelar da ta shekara arba'in ko sittin, sau da yawa a yashe a bayan gida ko cikin gona, ya warware ta, ya sake haɗa ta har ta koma kan hanya. Tirela a nan ba babbar motar dakon kaya ake nufi ba. Ɗaki ne mai tayoyi, ba shi da inji, ana ɗaura shi a bayan mota, a ciki akwai gado da madafa, wani lokaci har da banɗaki. An fi yin wannan aiki a Amurka da Kanada, kuma wadda aka fi nema ita ce Airstream, mai jikin alminiyum mai ƙyalli.

Tarihi

Wanda ya kafa kamfanin shi ne Wally Byam, haifaffen garin Baker City a jihar Oregon a 1896. Ana ba da labarin cewa yana yaro ya yi kiwon tumaki, yana kwana cikin keken makiyaya mai rufi, kuma daga nan sha'awar gida mai tafiya ta shige shi. Wajen ƙarshen shekarun 1920 ya fara haɗa tirela a gidansa a Los Angeles, yana sayar da zanen yadda ake ƙera ta ga masu son su yi da kansu. Ke nan tun tushe sana'ar da aikin hannu ta fara. Kamfanin kan ba da 1931 a matsayin shekarar kafuwarsa.

Siffar da aka san Airstream da ita ba daga Byam kaɗai ta fito ba. Hawley Bowlus, maƙerin jiragen sama wanda ya kula da aikin haɗa Spirit of St. Louis, jirgin da Charles Lindbergh ya ƙetare Tekun Atlantika da shi, shi ya fara lulluɓe tirela da fallayen alminiyum kamar jikin jirgi, a samfurinsa Road Chief na wajen 1934. Byam ya yi dillancin tirelolin Bowlus, sannan a 1936 ya fito da tasa mai suna Clipper, ya ɗauke ƙofa daga goshi ya mai da ita gefe. Tana ɗaukar mutum huɗu su kwana, farashinta dala 1,200, kuɗi mai nauyi a zamanin da tattalin arzikin Amurka ke durƙushe. Gwargwadon abin da Byam ya ɗauka daga Bowlus batu ne da masu tarihin tirela ba su daidaita a kai ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin, domin an karkatar da alminiyum zuwa ƙera jiragen yaƙi, shi kansa Byam ya koma aiki a masana'antar jirage. Bayan yaƙi kamfanin ya farfaɗo, ya buɗe masana'anta a Jackson Center ta jihar Ohio a 1952, inda har yau ake ƙera su. Byam ya shahara da jagorantar ayarin masu tirela zuwa ƙasashe masu nisa. Mafi suna shi ne na 1959 zuwa 1960, da tireloli 41 suka tashi daga Cape Town suka nufi Alƙahira. Ya rasu a 1962. A 1969, cikin wata Airstream da aka gyara musamman aka killace 'yan sama-jannatin Apollo 11 bayan dawowarsu daga duniyar wata. Kamfanin Thor ya sayi Airstream a 1980.

Yadda aka gina ta

Sai an fahimci ginin kafin a fahimci gyaran. A can ƙasa akwai shasi na ƙarfe. A kansa an shimfiɗa daɓe na fallayen katako, sannan aka ɗora ƙwaryar alminiyum, haƙarƙari da fata, aka ɗaure ta da notuna da suka ratsa katakon suka kama shasin. Saboda haka daɓen ba abin takawa kawai ba ne, shi ke riƙe sama da ƙasa wuri ɗaya. Alminiyum ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, shi ya sa tirela kan yi kyau daga waje alhali ruwan da ya yi shekaru yana yoyo ta tagogi da ɗinkin rufi ya gangara tsakanin bango ya cinye gefen katakon. Masu saye da suka san kan abin sukan shiga da sukuddireba, su soka daɓen a bakin ƙofa, da ƙarƙashin tagogi, da bayan banɗaki. In ya nutse kamar cikin burodi, an san aikin da ke gaba.

Aikin gyara

Ana farawa da kwashe komai na ciki: kabad, gadaje, fatar bango ta ciki, da audugar gilashin da ke tsare zafi, wadda galibi ɓeraye sun mai da ita sheƙa. A tirelolin da suka tsufa sosai, tayil ɗin ƙasa na iya ƙunsar asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu, don haka ake gwada shi kafin a fasa.

Daga nan hanya biyu ce. Ko a canja daɓen gunduwa-gunduwa ƙwaryar na zaune, ko a ɗaga ƙwaryar gaba ɗaya a ja shasin daga ƙarƙashinta. Ta biyu ta fi wahala amma ita ce ke bayyana gaskiyar ƙarfen: a kankare tsatsa, a yi waldar inda ya huje, a shafa fenti, a yanka sabon katako bisa awon tsohon. Kafin a ɗaga sai an tokare ƙwaryar daga ciki da katakai, in ba haka ba ta buɗe ta ƙi komawa mazauninta. A dogayen tirelolin shekarun 1970 an san wata matsala ta rabuwar bayan ƙwarya da shasi, kuma a wannan mataki ake magance ta. Aksul, ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi, tun farkon shekarun 1960 da sandunan roba yake aiki a ciki. Robar kan sandare da tsufa, sai a canja aksul ɗin ɗungurungum tare da birki.

Ƙusoshin ribit da ke ɗinke fatar waje aikin mutum biyu ne. Ɗaya na waje da bindigar iska, ɗaya na ciki ya danna dunƙulen ƙarfe a gindin ƙusar har ya baje. Ba sa ganin juna, sai dai su yi magana da ƙwanƙwasa. Hannu ya goce kaɗan, tabo ya zauna a jikin tirelar. Inda ba a iya kaiwa ta ciki, akan yi amfani da ribit ɗin da ake ja daga waje a aske kansa.

Wayoyin wuta da bututun gas da na ruwa yawanci sababbi ake sawa. Tirelolin da aka yi kafin wajen tsakiyar shekarun 1970 ba su da tankin tara ruwan wanke-wanke, sai an ƙara.

Gogewa ita ce ta ƙarshe, ko da yake ita ta fi jan ido. Ana fara cire tsohon shafe mai garai-garai da ya dusashe, sannan a bi jikin da injin gogewa da man goge ƙarfe, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har mutum ya ga fuskarsa. Fallayen tsofaffin samfura suna da siririn lulluɓi na zallar alminiyum a sama. Wanda ya matsa da sanfefa zai huda shi, kuma ba ya dawowa. Aikin kan ci makonni.

Saɓani

Wasu na ganin a mai da komai yadda ya fito daga masana'anta, wasu kuma su bar ƙwaryar kawai su zuba ciki na zamani. 

Ƙungiyoyi da sauran samfura

Ƙungiyar masu Airstream ta kafu a 1955 da sunan Byam, kuma tana da reshe na masu tirelolin da suka kai shekara 25. Ƙungiyar Tin Can Tourists kuwa, wadda ta samo asali a Tampa ta jihar Florida a 1919, tana karɓar kowane samfuri. Daga cikin sauran samfuran akwai Shasta mai ƙananan fikafikai a baya, wadda ƙashinta na katako ne, don haka daga waje ake ɓare fatarta a gyara. Da Spartan ta garin Tulsa. Da Boler ta Kanada, mai jikin faiba.