Kafin ka ƙara sabon domen kwantirola: tambayoyi kan shirya sikimar Active Directory

Duk wanda ke kula da netwok sai wannan ranar ta zo masa: an kawo sabuwar saba da sabon Windows Server, ana so ta zama domen kwantirola, wato sabar da ke riƙe da Active Directory tana tantance masu shiga netwok, su kuma tsofaffin da ke aiki sun kwana biyu. Ga tambayoyin da aka fi yi min a kai.

Wai mece ce sikimar nan ma tukuna?

Ka ɗauki Active Directory a matsayin babbar rijista da ke riƙe da yuza, kwamfutoci, guruf-guruf, firintoci da sauransu. Toh sikima ita ce fom ɗin rijistar, ita ke faɗin irin abubuwan da aka yarda a rubuta da kuma guraben da kowanne yake da su, misali yuza yana da gurbin suna, gurbin imel, gurbin lambar waya. Abin da babu gurbinsa a fom babu inda za ka rubuta shi, shikenan.

Kuma sikima guda ɗaya ce tak ga dukkan tarin domen ɗin da ke haɗe, wanda Microsoft ke yi wa laƙabi da daji. Ko domen goma gare ka a dajin, fom ɗaya suke cikewa. Shi ya sa in ka taɓa ta kowa ka taɓa.

Me ya sa sai an taɓa ta kafin sabon kwantirola ya shigo?

Saboda kusan kowane sabon Windows Server yana zuwa da sababbin gurabe da yake sa ran zai tarar. Sikimar tana da lamba da ake gane shekarunta da ita, tana cikin wani gurbi mai suna objectVersion. Windows 2000 lambarsa 13, na 2003 kuma 30, 2003 R2 31, sai 2008 ya yi tsalle zuwa 44, 2008 R2 47, 2012 56, 2012 R2 69, 2016 87. Na 2019 da na 2022 duk 88 ne, wato in kana kan 2019 za ka kawo 2022 sikimar ba ta motsawa ko kaɗan. Na 2025 shi ne 91.

In lambar dajinka ba ta kai wadda sabon yake so ba, ba zai yarda ya zama kwantirola ba sai an ɗaga ta. Tsofaffin kuwa ba ruwansu, za su karɓi sababbin guraben su ajiye ko da ba su san amfaninsu ba, su ci gaba da aikinsu.

In sabuwar sabar fayil kawai za ta riƙe fa, ba kwantirola ba?

Ba ka buƙatar komai. Ka shigar da ita domen kamar kowace kwamfuta.

Da me ake yin shirin?

Da adprep, wani umarni da ke shirya daji da domen don karɓar sabon Windows. Yana cikin faifan sabon Windows ɗin ne, a foldar support\adprep, na 2008 ne kaɗai yake a sources\adprep. Ka lura da kyau, na SABON faifan ake amfani da shi ba na tsohon ba, don a can fayilolin ldf masu ɗauke da sababbin guraben suke.

Aikin kashi-kashi ne. Na farko adprep /forestprep, sau ɗaya ake yi ga dajin gaba ɗaya, kuma a kan kwantirolan da ke riƙe da ragamar sikima canjin yake sauka, shi kaɗai ne aka yarda ya rubuta a cikinta. Sai akawun ɗinka ya kasance a Schema Admins da Enterprise Admins da kuma Domain Admins na domen ɗin da mai riƙon yake. Yana tashi zai zubo maka gargaɗi a baƙin allon nan ya ce ka buga C ka danna Enter in ka amince, daga nan sai ka ga ɗige-ɗige suna ta gudu yana shigar da fayilolin ɗaya bayan ɗaya, har ya ce ya gama.

Na biyu adprep /domainprep, wannan kowane domen da zai karɓi sabon kwantirola sai an yi masa nasa, Domain Admins ya wadatar, kuma mai riƙe da ragamar infirastirakca na domen ɗin yake nema. Ba zai yi ba sai canjin farko ya iso wurinsa. Akwai kuma /rodcprep, wanda ya zo tare da 2008, na masu son kafa kwantirola mai karatu kawai wanda ba a rubutu a cikinsa, irin wanda ake ajiyewa a reshen da ba a amince da tsaronsa sosai ba.

Amma an ce yanzu shi da kansa yake yi, to wahalar mece ce?

Gaskiya ne. Tun daga Windows Server 2012 aka ajiye dcpromo, tsohon umarnin mai da saba kwantirola, gefe, aka cusa adprep cikin aikin ɗaga sabar ta zama kwantirola, ko ta Server Manager ka bi ko ka buga Install-ADDSDomainController a PowerShell, in ya ga sikimar ta tsufa kuma akawun ɗinka yana da iko sai ya yi abinsa ya wuce.

Ni dai a ganina in domen ɗaya gare ka da kwantirola biyu a ɗaki ɗaya, bar shi ya yi. Amma in kana da rassa a wurare daban-daban, ko kuma mai ikon taɓa sikima daban mai kafa saba daban, gara a raba aikin, a yi forestprep yau da hannu, a bari ya zaga ko'ina, a duba, sannan gobe a ɗaga sabar. Dalili kuwa in abu ya tsaya ka san a ina ya tsaya, ba wai ka danna Next sau shida ka ga jan rubutu ka rasa wanne ne ya ƙi ba.

In abin ya ɓaci ana iya komawa baya?

Nan ne inda gizo ke saƙar. A'a. Gurbin da ya shiga sikima ba ya gogewa, bakin alƙalami ya bushe. Iyakar abin da ake iya yi shi ne a kashe wasu guraben a daina amfani da su, amma suna nan. Kuma kada ka ce ai zan dawo da kwantirola ɗaya daga bakaf, don da zarar ya tashi ya gaisa da 'yan'uwansa za su sake kwafo masa sabuwar sikimar. Hanyar komawa ta gaskiya ita ce farfaɗo da dajin gaba ɗaya, wato a kashe duk kwantirololin, a dawo da ɗaya a kowane domen daga bakaf, a sake gina sauran. Wannan ba aikin yamma ɗaya ba ne kuma ba wanda yake fatansa.

Kada wannan ya tsorata ka fiye da kima, canjin da adprep ke yi ƙari ne, kuma an yi shi a wurare ba adadi lafiya lau. Inda ake yawan samun matsala shi ne dajin da dama can ba shi da lafiya, ko wanda wata manhaja ta taɓa cusa wa gurabenta da suna ko lambar da ta yi karo da ta Microsoft. Shi ya sa minti goman da adprep zai ɗauka ba su ne aikin ba, binciken da ke gabansu shi ne aikin.

To me zan duba kafin na fara?

Fara da netdom query fsmo. Zai jero maka masu riƙe da ragamomi biyar, wato ayyukan da kwantirola ɗaya tak ke riƙe kowannensu, irin ragamar sikima da ta infirastirakca, biyu na daji uku na domen. Kada ka tsaya a karanta sunan, ka tabbatar sabar tana raye. Na taɓa zuwa wani wuri ana ta mamakin me ya sa forestprep ya ƙi, ina buga wannan umarnin sai ga sunan wata saba da ba wanda ya gane, muka bi diddigi ashe injin ya mutu tun tuni an ɗauke shi an kai sito, ba wanda ya lura don ba a neman mai riƙon sikima a aikin yau da kullum, mutane na shiga da kalmar sirrinsu lafiya. Sai da muka ƙwace ragamar da ƙarfi muka ɗora wa wani kwantirolan, muka share ragowar sunan mamacin daga rijistar, sannan aiki ya tafi. In ka yi irin wannan ƙwacen, tsohon injin kada ya sake hawa netwok ɗin ko da ya farfaɗo, sai dai a goge shi.

Sai repadmin /replsummary, don ka ga ko kwantirololin suna musayar bayanai a tsakaninsu. Sifili kake son gani a layin gazawa. In ka ga wani ya yi kwana da kwanaki bai karɓi komai ba, tsaya nan ka gyara, musamman in ya wuce wa'adin da ake riƙe abin da aka goge, kwana 180 a dajin da aka kafa da sababbin Windows, wasu tsofaffi kuma 60. Ka haɗa da dcdiag, mai duba lafiyar kwantirola. Sannan bakaf na yanayin sistem, wbadmin start systemstatebackup yana yi, a kan aƙalla kwantirola biyu in da hali, kuma bakaf ɗin da ba ka taɓa gwada dawo da shi ba addu'a ce kawai. In kana da wurin gwaji da ka kwafi dajin a keɓe, fara yi a can.

Ɗaga sikima da ɗaga matakin aiki ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Sikima ƙara gurabe ne, tsofaffin kwantirololi suna zaune da ita ba matsala. Matakin aiki kuwa alkawari ne cewa babu sauran kwantirola da ya gaza wani zamani, in ka ɗaga shi ka rufe wa tsofaffi ƙofa kenan.

Sai dai sabon Windows yana da mafi ƙarancin matakin da zai shiga. 2016 yana karɓar daji mai matakin 2003, 2019 da 2022 sai 2008 zuwa sama, 2025 kuma sai 2016. Akwai wani tarkon kuma, foldar SYSVOL da ke riƙe da dokokin guruf. In har yanzu tsohon tsarin FRS ke kwafe ta, 2019 da na bayansa za su ƙi, sai ka mai da ita kan sabon tsarin DFSR da umarnin dfsrmig tukuna, kuma shi ma mataki-mataki ne da jira a tsakani, ba a yi masa gaggawa.

Ya zan san ya yi, kuma har yaushe zan jira?

A PowerShell: Get-ADObject (Get-ADRootDSE).schemaNamingContext -Property objectVersion. Lambar da ta fito ka gwada ta da waɗanda na jero a sama. Amma wannan amsar kwantirolan da ka tambaya ce kawai, don haka ka tambayi kowanne da kansa, ko aƙalla ɗaya a kowane reshe. Waɗanda ke wuri ɗaya cikin daƙiƙoƙi suke sanar da juna, tsakanin rassa kuwa in ba a taɓa saitin ba minti 180 ne, kuma in saƙon sai ya ratsa reshe biyu kafin ya kai na uku ka ninka. In adprep ya yi kuka, bayanin yana C:\Windows\debug\adprep\logs, kowane gwaji da foldarsa mai kwanan wata.

Na saka kaina a Schema Admins yanzun nan amma yana ce min ba ni da iko, me ya faru?

Ba ka fita ka dawo ba ne. Windows a lokacin shiga yake haɗa maka takardar ikonka, guruf ɗin da aka ƙara maka bayan nan ba ya ciki. Rufe komai, ka fita daga akawun ɗin, ka sake shiga, ka buɗe baƙin allon a matsayin admin, ka buga whoami /groups ka ga sunan guruf ɗin da idonka sannan ka sake gwadawa. In an gama aikin kuma ka tuna ka cire kanka daga Schema Admins, guruf ɗin nan ba kowa a ciki ya kamata ya zauna sai ranar da za a sake buƙatarsa.