Yadda ake gwada magungunan murar aleji da mura mai naci: tambayoyi da amsoshi

Galibin feshin hanci da ƙwayar atishawa da hukuma ta amince da su, sai da aka gwada su a jikin ɗaruruwan mutane kafin su shigo kasuwa. Gwajin maganin hanci kuwa yana da wuyar sha'ani, domin ciwon yana hawa yana sauka da kansa, kuma mai shi ne kaɗai zai iya faɗin yadda yake ji. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan bincike.

Wace mura ake nufi, ba dai wadda kowa ya sani ba?

Ba ita ba ce. Murar da ƙwayar cuta ke kawowa takan tafi cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Wadda muke magana a kai kumburi ne na fatar cikin hanci da ke daɗewa ko ya riƙa dawowa, kuma iri biyu ce. Ta farko murar aleji: garkuwar jiki ce ke ɗaukar abu marar cutarwa a matsayin abokin gaba, kamar ƙurar furen ciyawa da bishiyoyi, ko kashin wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke zama cikin katifa da ƙurar ɗaki, ko ɓurɓushin jikin kyanwa. Jiki ya ƙera sinadarin kariya mai suna IgE, duk lokacin da abin ya shiga hanci sai jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin, sai atishawa da ƙaiƙayi da yoyo da toshewa su biyo baya. Ta biyu kuma ba ruwanta da aleji. Jijiyoyin hanci ne suka cika saurin harzuƙa, turare ko hayaƙi ko sauyin sanyi da zafi kaɗai ya isa ya tayar da su.

Ƙa'idojin ARIA, na ƙasa da ƙasa kan murar aleji, da aka fitar a 2001 sun kira murar aleji "mai ɗorewa" idan tana damun mutum fiye da kwana 4 a mako, har tsawon fiye da mako 4. Ana kula da wannan rabe-rabe wajen zaɓen masu shiga gwaji, domin idan aka cakuɗa iri-iri a rukuni guda, maganin da ke yi wa wasu aiki sai amfaninsa ya ɓace cikin waɗanda ba nasu ba ne.

Da me ake auna ciwon da ba ya fitowa a awon jini?

Da maki. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ana ce masa TNSS, kuma alamomi huɗu yake dubawa: atishawa, yoyon hanci, toshewa, da ƙaiƙayi. Kowace alama mai ciwon zai ba ta maki daga 0 zuwa 3. Sifili babu komai, 1 akwai amma ba ta dame shi ba, 2 tana damunsa amma yana jurewa, 3 ta hana shi aiki ko barci. Jimilla ba ta wuce 12. Yawanci sau biyu ake cikewa a rana, safe da yamma, yanzu galibi a waya ko wata 'yar na'ura mai rubuta lokacin da aka cike. Dalilin na'urar shi ne, da takarda, wasu sai ranar zuwa asibiti suke zama su cike na mako guda da ka.

Tambaya biyu ake yi. Ɗaya: yaya hancinka ya kasance cikin awa 12 da suka wuce? Ɗayar kuma: yaya yake a yanzu, kafin ka sha maganin yau? Ta biyun ce ke tona asirin maganin da aka ce sau ɗaya ake sha a rana alhali ƙarfinsa yana ƙarewa kafin gari ya waye.

Akwai kuma RQLQ, tambayoyi 28 da Elizabeth Juniper da abokan aikinta suka tsara a Kanada, masu duba barci da aiki da ido da yanayin rai. Kowace tambaya daga 0 zuwa 6 ce, kuma sauyin rabin maki a matsakaici shi ake ɗauka mai ciwo zai ji shi a jikinsa.

Yaya ake tsara gwajin, daga farko har ƙarshe?

Da farko a yi wa mutum bayani, ya sa hannu a takardar amincewa, kuma yana da 'yancin fita duk ranar da ya ga dama. Sai a tabbatar da alejin: a ɗiga ruwan abin da ake zargi a fatar hannu, a ɗan tsaga da tsinin allura, a duba bayan minti 15 zuwa 20. Idan wurin ya tasa da aƙalla milimita 3 fiye da inda aka ɗiga ruwan gishiri zalla, an samu. Wanda ya sha maganin histamin, wato mai hana histamin aiki, a 'yan kwanakin nan, fatarsa ba za ta tasa ba, sai a ce ba shi da aleji alhali yana da shi. Shi ya sa ake dakatar da maganin kwanaki kafin awon.

Daga nan a dakatar da sauran magungunan hanci har tasirinsu ya fita daga jiki. Sai wasu kwanaki na share fage, inda kowa ke cike makinsa, sau da yawa yana shan holoƙon magani, wato abin da ya yi kama da magani a siffa amma babu sinadarin a ciki. A nan ake tace mutane. Wanda makinsa bai kai iyakar da aka sa ba, ba a ɗaukarsa, domin hancin da kusan lafiyarsa ƙalau ba shi da inda zai ƙara samun sauƙi.

Waɗanda suka tsallake, kwamfuta ce ke raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu magani na gaske, wasu holoƙo. Mai ciwo bai san wanda ya samu ba, likitan da ke dubansa ma bai sani ba. Gwajin murar da ke zuwa da kaka ko bazara yakan ɗauki mako 2, na wadda ke nan duk shekara kuma mako 4, sannan a bi wasu har shekara guda don ganin illa. A feshin sitiroid (mai rage kumburi) na yara akwai gwaji na musamman, inda ake auna tsawonsu shekara guda, domin wani tsohon nau'in feshin an ga ya ɗan rage saurin girma.

Me ya sa waɗanda aka ba holoƙo su ma suke samun sauƙi?

A nan gizo ke saƙar. Dalilai uku ne aƙalla. Mutane sukan shiga gwaji ne lokacin da ciwon ya kai maƙura, daga nan kuwa sai sauka ko da ba a yi komai ba. Sa rai ma yana da tasiri a kan makin da mutum ke ba kansa. Na uku ya shafi hanci kai tsaye: holoƙon feshi ruwa ne, ruwa kuwa yana wanke majina da ƙurar da ta maƙale, don haka shi ma ɗan magani ne.

Saboda haka idan aka ce magani "ya rage alamomi da kashi kaza", tambayar da ta dace ita ce: holoƙon fa, da nawa ya rage? A ɗauka, don misali, makin masu magani ya sauka daga 9 zuwa 5, na masu holoƙo kuma daga 9 zuwa 7. Aikin maganin maki 2 ne, ba 4 ba. Masu talla sun fi son 4 ɗin.

Wata matsalar ita ce asirin yakan tonu. Feshin azelastin yana barin ɗaci a maƙogwaro. Wanda ya ji ɗacin ya san na gaske aka ba shi, makinsa kuma sai ya karkata.

To idan shekarar gwajin furanni ba su yi ƙura sosai ba fa?

Gwajin yakan lalace. Idan ruwan sama ya kwantar da ƙurar, kowa lafiya lau, babu bambanci tsakanin rukunonin, kuɗi da lokaci sun tafi. Shi ya sa ake ƙirga ƙurar da ke cikin iska kullum a wurin gwajin. Shi ya sa kuma aka gina ɗakuna na musamman, irin na Biyana a Ostiriya, da na Kingston a Kanada, da na Hanoba a Jamus, inda ake zaunar da mutane sa'o'i ana hura musu adadin ƙura da aka auna, suna ba da maki lokaci-lokaci. Ɗakin ya fi dacewa da gano minti nawa magani ke ɗauka kafin ya fara aiki da kuma adadin da ya kamata a ba. Amma bai maye gurbin gwajin waje ba, domin babu wanda ke rayuwa a ɗaki mai ƙura iri ɗaya tak.

Me binciken ya nuna, wane magani ne a gaba?

A murar aleji mai ƙarfi, feshin sitiroid irin su fulutikason da mometason ya fi ƙwayar maganin histamin irin su setirizin da loratadin, musamman a kan toshewa. Haɗa ƙwayar da feshin ba ya ƙara wani abin kirki a kan feshin shi kaɗai, ko da yake mutane da yawa haka suke yi. Abin da ya ƙara shi ne haɗa sitiroid da maganin histamin cikin feshi guda. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da irin wannan haɗin, Dymista a 2012 da Ryaltris a 2022, kuma kafin hakan sai da aka gwada kowane haɗi da kowanne daga cikin sinadaransa biyu shi kaɗai, ba da holoƙo kawai ba.

Bincike ya taɓa kayar da maganin da ake sha?

Ya sha yi. Tafenadin, wani maganin histamin, ya yi tashe domin ba ya sa barci, sai aka gano idan aka haɗa shi da wasu magunguna irin su ketokonazol ko eritiromaisin yakan taru a jini ya rikita bugun zuciya. Zuwa 1998 an janye shi daga kasuwar Amurka, feksofenadin, wanda shi ne abin da jiki ke mayar da shi, ya gaje shi. A 2020 FDA ta sa wa montelukas gargaɗi mafi tsanani saboda illa ga tunani da barci da hali, ta ce kada a ba mai murar aleji sai in sauran magunguna sun gaza. A Satumban 2023 kuma kwamitin masu ba ta shawara gaba ɗayansa ya ce ƙwayar fenilefirin ba ta buɗe hanci, domin mafi yawanta tana lalacewa a hanji kafin ta kai jini.

Maganin da ake cewa yana sabar wa jiki fa?

Shi kaɗai ne ke taɓa tushen alejin. Ana ba jiki abin da yake ƙi kaɗan-kaɗan har ya saba. Leonard Noon da John Freeman ne suka fara shi da allura a asibitin St Mary's na Landan a 1911, sai a 1954 William Frankland ya gwada shi da holoƙo a asibitin. Yanzu akwai ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe: FDA ta amince da na ciyawa a 2014, na ƙwarin ƙurar ɗaki a 2017. Ana barin ta ta narke, ba a haɗiye yawu na minti 1, ba a ci ba a sha na minti 5. Ta farko a gaban likita ake sha, a zauna minti 30, haka ma kowace allura, saboda jiki na iya yin bori mai haɗari. Mai asma da ba a shawo kanta ba, ba a sa shi.

Gwajinsa ya fi tsawo, kuma ana haɗa makin alamomi da yawan maganin agaji da mutum ya sha, tunda ba zai yiwu a hana shi magani shekaru ba. Tambaya mafi muhimmanci ita ce ko amfanin zai tsaya bayan an daina. Binciken Stephen Durham na 1999 ya nuna bayan allura ta shekara 3 zuwa 4, sauƙin ya ɗore shekara 3. Gwajin GRASS na 2017 kuma ya nuna shekara 2 ba ta isa ba: shekara guda bayan dainawa, babu bambanci da holoƙo. Shi ya sa ake cewa aƙalla shekara 3.

Wanda murarsa ba ta aleji ba ce, me aka samo masa?

Shaidar nan ba ta kai ta aleji yawa ba. Feshin ipiratiropiyum yana tsayar da yoyo, amma bai taɓa toshewa. Azelastin yana taimakon wasu. An gwada feshin kafsaisin, sinadarin da ke sa barkono yaji, don ya dusashe jijiyoyin, sai dai ɓoye wanda ya samu na gaske kusan ba ya yiwuwa saboda raɗaɗi.

Sabon abu shi ne kashe kaifin wata jijiya da ke can bayan hanci, da sanyi mai daskarewa ko da zafi. A gwajin, masu holoƙo ma ana sa musu na'urar a hanci, ba a dai kunna aikinta ba. A gwajin na'urar ClariFix, kusan kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin gaske sun samu raguwar maki da aƙalla kashi 30 bayan kwana 90, masu aikin holoƙo kuma kusan kashi 37. Dubi wannan 37 ɗin da kyau.

Me ya sa feshin da ya yi aiki a gwaji ya ƙi yi wa wani a gida?

A gwaji ana koyar da fesawa, ana auna nauyin kwalba don a san an yi amfani da ita. A gida kuwa mutum yakan fesa kwana biyu ya ajiye, alhali sitiroid yana buƙatar kwanaki, wani lokaci mako 2, kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Wani kuma ya saba da oksimetazolin ko zailometazolin masu buɗe hanci nan take, waɗanda in aka wuce kwana 3 zuwa 5 hancin kan ƙara toshewa da zarar sun sake shi.

Sai yadda ake fesawa. A fyace hanci, a girgiza kwalba, a ɗan sunkuyar da kai. Hannun dama ya fesa ƙofar hagu, na hagu ya fesa ta dama, bakin kwalbar yana kallon wajen kunne, nesa da bangon da ya raba ƙofofin biyu, domin fesa wa bangon nan ne ke yawan kawo haɓo. A shaƙa a hankali. Wanda ya zuƙa da ƙarfi, maganin maƙogwaro yake wucewa ya haɗiye shi, hanci bai samu ba.