Waiwaye: Hattie McDaniel da lambar Oscar da ta ɓace

A ranar 1 ga Oktoba, 2023, hukumar da ke ba da lambar yabo ta Oscar ta kai wa Jami'ar Howard da ke birnin Washington sabuwar lamba, domin maye gurbin wadda ta ɓace a jami'ar sama da shekara hamsin da suka wuce. Mai lambar ta asali ita ce Hattie McDaniel, 'yar wasan fim ta Amurka kuma baƙar fata ta farko a tarihi da ta ci Oscar, kuma ita ce ta bar wasiyyar a miƙa lambar ga wannan jami'a bayan rasuwarta. Wanda duk yake son sanin dalilin da ya sa wannan lamba, wadda ɗan ƙaramin allo ce, ta zama abin magana har haka, dole ne ya koma baya ya dubi rayuwar matar da kuma irin gardamar da ta biyo ta tun tana da rai.

An haifi Hattie a garin Wichita na jihar Kansas a watan Yunin 1893, kuma ita ce auta a cikin 'ya'ya goma sha uku. Iyayenta duka biyu cikin bauta aka haife su, mahaifinta Henry kuma ya yi yaƙin basasar Amurka a rundunar baƙaƙen fata ta ɓangaren Arewa. Ta tashi a Denver ta jihar Colorado, inda ta fara waƙa da wasan barkwanci tare da 'yan uwanta, kuma a tsakiyar shekarun 1920 ana jin muryarta a gidan rediyon KOA. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, sana'ar ta tsaya cak, har ta kai ga tana aikin kula da bayan gidan mata a wani gidan rawa kusa da Milwaukee, kafin mai gidan ya yarda ta hau dandamali ta yi waƙa. A 1931 ta koma Los Angeles, inda ta riƙa haɗa aikin rediyo da aikatau a gidajen mutane saboda abin da ake biyanta bai isa ya riƙe ta ba.

Wannan batu na aikatau shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Masana'antar fim ta Hollywood a wancan zamani ba ta da wani gurbi ga mace baƙar fata, musamman mai jiki irin na Hattie, in ban da na 'yar aiki ko mai dafa abinci ko mai reno. Ta fito a finafinai sama da 300, amma a kusan 80 kawai aka rubuta sunanta, kuma a mafi yawansu da farin ƙyallen aiki ɗaure a ƙugu take fitowa. Abin da ya bambanta ta shi ne yadda take riƙe wannan ƙaramin matsayi. A fim ɗin Alice Adams na 1935, ta fito a matsayin 'yar aikin da aka ɗauko don hidimar wata liyafar cin abinci a gidan masu son nuna arzikin da ba su da shi. Tana tauna cingam, tana jan ƙafa, tana ajiye kwanuka yadda ta ga dama, kuma da kallo kaɗai ta tona asirin ƙaryar masu gidan. Mai kallo yana barin wurin da sanin cewa ita ce ta fi kowa fahimtar abin da ke faruwa a teburin.

Fim ɗin da ya ɗaga ta shi ne Gone with the Wind na 1939, wanda David O. Selznick ya shirya, inda ta fito a matsayin Mammy, baiwar da ta reni jarumar labarin. Wurin da masu sharhi suka fi ambata shi ne inda take hawa matakalar bene tare da Olivia de Havilland, tana kuka tana ba ta labarin yadda uban wata yarinya da ta rasu ya kulle kansa a ɗaki da gawar ya hana a binne ta. Ba a nuna abin da ya faru ba, muryar Hattie ce ta ɗauki nauyin labarin gaba ɗaya. Duk da haka, lokacin da aka yi bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ranar 15 ga Disamba, 1939, dokokin wariyar launin fata na jihar Georgia sun hana ta da sauran baƙaƙen 'yan wasan halarta.

Daren 29 ga Fabrairu, 1940 aka yi bikin Oscar karo na 12 a otel ɗin Ambassador da ke Los Angeles, wanda shi ma ba ya karɓar baƙar fata, sai da Selznick ya nemi alfarma aka bar ta ta shiga. Ta zo cikin shuɗiyar riga da fararen furanni a gashinta, aka zaunar da ita a wani ɗan tebur a gefen zauren, nesa da teburin abokan aikinta. Daga can ta taso ta karɓi lambar mataimakiyar jaruma daga hannun Fay Bainter, ta yi ɗan gajeren jawabi inda ta ce tana fatan za ta kasance abin alfahari ga jinsinta da masana'antar fim, sannan ta sauka tana share hawaye. A wancan lokaci masu cin wannan rukuni ɗan allo ake ba su mai ɗauke da siffar Oscar, maimakon mutum-mutumin zinaren da aka sani yanzu, kuma wannan allon ne daga baya ya ɓace.

Nasarar ba ta canza irin aikin da ake ba ta ba, sai ma ta jawo mata suka daga nata mutanen. Ƙungiyar NAACP mai fafutukar kare haƙƙin baƙar fata, ƙarƙashin Walter White, ta matsa wa kamfanonin fim su daina nuna baƙar fata a matsayin bayi da barori, kuma Hattie ta zama misalin da aka fi nunawa da yatsa. Amsar da ake danganta mata ta shahara: gara ta fito a matsayin 'yar aiki a biya ta dala 700 a mako da ta zama 'yar aikin gaske a kan dala 7. A ganina White yana da gaskiya game da illar waɗannan finafinai, domin fim ɗin da ya ba ta lambar ya ƙawata zamanin bauta ya nuna bayi kamar masu jin daɗin halin da suke ciki. Amma ɗora laifin a kan matar da ta san zafin aikatau da hannunta, wadda ba ita ke rubuta labari ba kuma ba ita ke raba matsayi ba, barin jaki ne a daki taiki.

Akwai kuma abin da masu sukar ba su cika ambata ba. Bayan ta sayi gida a unguwar West Adams da ake kira Sugar Hill, wasu fararen maƙwabta sun kai ƙara suna neman a kori baƙaƙen masu gidaje bisa wata yarjejeniya da ta hana sayar musu da gida a unguwar. Hattie tana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka, lauya Loren Miller ya kare su, kuma a 1945 alƙali Thurmond Clarke ya yi watsi da ƙarar, shekara uku kafin Kotun Ƙolin Amurka ta hana kotuna tilasta irin wannan yarjejeniya a 1948. A 1947 kuma ta karɓi jagorancin shirin rediyo na Beulah, matsayin 'yar aiki baƙar fata da a baya maza fararen fata ke kwaikwayon muryarta.

Ta rasu ranar 26 ga Oktoba, 1952 sakamakon ciwon dajin mama. Ta so a binne ta a makabartar Hollywood inda manyan taurari ke kwance, aka ƙi saboda launin fatarta, sai aka kai ta makabartar Rosedale. Lambar tata ta isa Howard, aka ajiye ta a sashen wasan kwaikwayo, sannan ta yi ɓatan dabo tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970. An daɗe ana yaɗa cewa ɗalibai masu zanga-zanga ne suka jefa ta a kogin Potomac don nuna ƙyamar irin rawar da ta taka, amma binciken da farfesar shari'a W. Burlette Carter ta yi a 2011 ya fi karkata ga cewa tattara ta aka yi cikin kaya aka ajiye, aka manta inda take.

Sai da aka shafe shekara 51 kafin wata baƙar mace ta sake cin Oscar a fagen wasa, wato Whoopi Goldberg a 1991. A 1999 sababbin masu makabartar Hollywood sun yi tayin mayar da gawar Hattie can, danginta suka ce a bar ta inda take, sai aka kafa mata dutsen tunawa a bakin tafkin makabartar. Allon da aka kai Howard a 2023 yana Kwalejin Fasaha ta Chadwick A. Boseman, na asalin kuwa har yau ba a gan shi ba.