Tattalin Arzikin Waƙa a Zamanin Intanet: Arewacin Kamaru da Cadi

Tattalin arzikin waƙa shi ne hanyoyin da kuɗi ke bi daga aljihun mai sauraro zuwa hannun mawaƙi, mai haɗa kiɗa, mai situdiyo da ɗan kasuwa. Kafin shekarar 2000, ginshiƙin sana'ar a duniya shi ne sayar da kwafi: faifan garmaho, kaset, daga baya CD. A yau mafi yawan kuɗin waƙar da aka naɗa yana fitowa ne daga sauraro ta intanet, inda mutum ba ya sayen waƙar, sai dai ya biya kuɗin wata ko ya saurara kyauta ana sa masa talla. Ga mawaƙan Hausa na Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri da Njamena, sauyin ya zo a karkace. Kasuwar kaset ta mutu a nan kamar yadda ta mutu ko'ina, amma kuɗin da ya maye gurbinta a Turai da Amurka kaɗan ne ya iso.

Yadda kasuwar duniya ta juya

A 1999 manhajar Napster ta ba mutane damar musayar waƙoƙin MP3 kyauta. Shari'a ta durƙusar da ita a 2001, amma ɗabi'ar ta riga ta zauna, cinikin waƙa ya yi ta raguwa har zuwa 2014. Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya kan santi 99. YouTube ya zo a 2005, Spotify, dandalin sauraron waƙa ta intanet, ya fara aiki a Suwidin a 2008. Alƙaluman IFPI, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, sun nuna cinikin 2023 ya kai dala biliyan 28.6, kusan kashi 67 cikin ɗari daga sauraro ta intanet. A shekarar, Afirka kudu da Sahara ce ta fi kowane yanki saurin bunƙasa, da kashi 24.7, sai dai kashi 77 na kuɗin yankin daga Afirka ta Kudu ya fito. Sai a 2024 yankin gaba ɗaya ya haura dala miliyan 100, abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kasuwar duniya ba.

Daga kaset zuwa memori

Kano ce cibiyar waƙar Hausa ta zamani, daga can kaset da CD ke shigowa ta Yola da Mubi, ta Banki zuwa Amcide, ta Gamboru zuwa Fotokol har Kuseri, su haye kogin Logon zuwa Njamena. Tsarin da aka saba shi ne mawaƙi ya sayar wa ɗan kasuwa masta, wato ainihin naɗin waƙar da ake kwafa daga gare shi, sau ɗaya, ɗan kasuwa ya buga kwafi, riba ko faɗuwa tasa ce. Kuɗin ba shi da yawa, amma a hannu ake ba da shi.

Wayar da ke ɗaukar memori ce ta rushe wannan. Masu tura waƙa suka kafa tebur da kwamfuta a bakin kasuwa da tasha, suna cika memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kan 'yan canji, daga nan waƙar ta bi Bluetooth, Xender da WhatsApp. Mawaƙi ba ya samun ko dala daga wannan ciniki, amma shi ne ke kai sunansa ƙauyen da babu sabis. Shi ya sa da yawa da kansu suke kai wa masu turawa sabuwar waƙa. Tsadar data da ɗaukewar wuta sun sa mutanen yankin sun fi son sauke waƙa sau ɗaya su ajiye, kuma waƙar da aka ji daga memori ba ta shiga lissafin kowane kamfani. A Cadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, lokacin da mawaƙan maƙwabta ke tara mabiya.

Yadda ake lissafin kuɗin sauraro

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton kowane sauraro yana da tsayayyen farashi. Ba haka ba ne. Spotify, wanda ya shigo Kamaru, Cadi, Nijar da Najeriya a Fabrairun 2021, yana tara kuɗin wata da na talla na kowace ƙasa, ya ware kusan kashi biyu cikin uku ga masu haƙƙi, sannan ya raba gwargwadon rabon kowa a jimillar sauraron wannan wata. Ana ƙirga sauraro ne idan ya kai daƙiƙa 30. A ƙaddara tukunyar wata ƙasa sefa miliyan 10 ce, an yi sauraro miliyan 20. Kowane ɗaya ya tashi a rabin sefa, mai sauraro 50,000 zai samu sefa 25,000 kafin dillali, wato kamfanin da ya ɗora masa waƙar, da abokan aiki su cire nasu. Idan sauraro ya ninka alhali masu biyan kuɗin wata ba su ƙaru ba, farashin sai ya rabe biyu.

Saboda haka inda mai sauraro yake zaune ya fi yawan masu sauraro tasiri. Bahaushe ɗaya da ke biyan kuɗin wata a Faransa ko Saudiyya yana iya kawo abin da mutane da yawa masu sauraron kyauta a Marwa ba za su kawo ba. Akwai kuma matsalar canji. Babbar kasuwar mawaƙin Hausa tana Najeriya, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 darajarta ta faɗi da fiye da rabi a kan dala, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya. Mawaƙin Garwa yana biyan situdiyo da sefa, amma yawancin masu jin sa da naira suke biya. Daga 2024 kuma Spotify ya daina biyan kuɗin naɗi ga waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, ƙa'idar da ta fi cutar ƙananan mawaƙa.

Boomplay, wanda aka ƙaddamar a Najeriya a 2015 kuma yake zuwa a cikin wayoyin Tecno, Infinix da itel, da Audiomack, sun fi kusa da talaka domin suna barin sauraro kyauta, sai dai abin da talla ke kawowa a yankin ƙarami ne. YouTube ne ya fi muhimmanci ga waƙar Hausa, saboda ana son ta da bidiyo. Yana ba mai tasha kashi 55 na kuɗin tallan dogon bidiyo, bayan ya cika mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a wata 12. Shirin ba a kowace ƙasa yake buɗe ba, don haka sai a duba jerin ƙasashen kafin a zaɓi ƙasar tasha.

Ɗora waƙa, da inda ake tafka asara

Mawaƙi ba ya ɗora waƙa a Spotify ko Apple Music da kansa, sai ta hannun dillali irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Wasu kuɗin shekara suke karɓa, wasu kuɗi sau ɗaya tare da kaso. Ana buƙatar fayil ɗin WAV na 16-bit da 44.1 kHz ko sama, da hoton bango mai murabba'i, an fi son 3000 sau 3000. MP3 ya riga ya rasa inganci, ba ya gyaruwa. Dillali yana ba kowace waƙa lambar ISRC mai harafi da lamba 12, wadda da ita ake bin sawun kuɗinta. A ɗora mako uku zuwa huɗu kafin ranar fitarwa. Kuɗi kan iso bayan wata biyu ko uku.

Asarar da ta fi zafi tana faruwa ne tun a situdiyo. Mawaƙi ya biya kuɗin aiki, ya karɓi MP3 a wayarsa ya tafi, masta ta zauna a kwamfutar mai kiɗa babu takardar da ta ce ta wane ce. Wani ya riga shi ɗorawa, ya yi mata rajista a Content ID, tsarin YouTube na gane mai waƙa a cikin bidiyo, sai ya zama kuɗin bidiyon mai waƙar na tafiya aljihun wani. Maganinsa takarda ce guda, a rubuta kafin a bar situdiyo: wa ya rubuta baiti, wa ya haɗa kiɗa, wa ya biya, kason kowa nawa, kowa ya sa hannu, mawaƙiyar da ta yi amshi ma a sa sunanta. Rubutun suna ma yana ɓatar da kuɗi. Idan an rubuta Alhaji a wata waƙa, Aladji irin na Faransanci a wata, manhaja za ta ɗauka mutum biyu ne ta raba masu sauraro. Sayen sauraron bogi kuwa yana jawo a sauke waƙar, a ci dillali tara, shi kuma ya rufe asusun.

Karɓar kuɗin wani aiki ne. Dillalai suna biya ta banki, PayPal ko Payoneer, alhali mutanen yankin da MTN Mobile Money da Orange Money suke hulɗa a Kamaru, Airtel Money da Moov Money a Cadi. Wanda ya ari asusun ɗan'uwa a waje ya sa dukiyarsa a sunan wani. Kamaru da Cadi ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka ana cire kashi 30 daga abin da aka samu a wurin masu sauraron can.

Doka da hukumomi

Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na ƙirƙira, wato baiti da karin murya, da na naɗi. Dillali na biyun yake karɓowa. Na farko sai ta ƙungiyar haƙƙin mallaka. Kamaru tana aiki da doka mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000, Cadi da dokar 2003 da hukumar haƙƙin mallaka ta BUTDRA, kuma dukansu suna cikin OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde. A Kamaru ƙungiyoyin mawaƙa sun yi ta sauyawa saboda rigimar shugabanci da rabon kuɗi, daga SOCINADA zuwa CMC zuwa SOCAM, kafin SONACAM a 2017, abin da ya sa wasu manyan mawaƙa suka koma SACEM ta Faransa. Ga mawaƙin arewa, nisa daga Yawunde da takardun Faransanci ƙarin shinge ne.

Inda kuɗin yake

Har yanzu abin da ke ciyar da mawaƙi a yankin shi ne biki, suna, naɗin sarauta da lokacin zaɓe: kuɗin gayyata, liƙi a fili, da waƙar da ango, ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ya sa a yi masa ya biya kafin a shiga situdiyo. Wannan tsohon tsarin roƙo ne ya samu sabon kayan aiki. Guntun waƙa da ya karɓu a TikTok yana ɗaga kuɗin gayyata, yana kawo kira daga Duwala ko Yola, kuma mai son a ambaci sunansa yana iya turo kuɗi ta waya daga wata ƙasa. Masu rera waƙa da Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Larabcin Cadi, sun fi samun gayyata, domin taro ɗaya a Ngaundere ko Njamena yakan haɗa masu harsunan duka.