Waiwaye: Norwe kafin Utoya da bayanta

Duk lokacin da watan Yuli ya zagayo, muhawara ɗaya ce ke dawowa a Norwe: shin ƙasar ta warke daga harin 2011, ko dai an rufe ciwon ne ba a wanke shi ba? Masu cewa an ci gaba suna da hujja, masu ƙorafi ma suna da tasu. Sai dai mafi yawansu suna fara labarin ne daga tsakiya.

Abin da ya faru sananne ne. Ranar 22 ga Yuli, 2011, wani ɗan ƙasar mai tsananin ƙyamar Musulmi da baƙi ya tayar da bam a unguwar ofisoshin gwamnati a Oslo, mutum 8 suka mutu. Daga nan ya wuce tsibirin Utoya, ya harbe matasan jam'iyyar Labour da ke taronsu na shekara, aka rasa mutum 69. Kafin a san ko wane ne, an riga an fara zagin Musulmi a titi. Bayan kwana uku jama'a suka cika Oslo da furanni, daga baya kuma kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 21, da damar ƙarawa. Aka ce ai mutum ɗaya ne, aka juya.

Shekara goma kafin wannan, daren 26 ga Janairu, 2001, wasu matasa 'yan aƙidar Nazi sun caka wa Benjamin Hermansen wuƙa har lahira a Holmlia, wata unguwa a kudancin Oslo da baƙi suka yi yawa. Shekararsa 15, mahaifinsa ɗan Ghana, mahaifiyarsa 'yar Norwe. Ba su san shi ba, bai yi musu komai ba, launin fatarsa kawai suka gani. Kimanin mutum 40,000 suka fito titunan Oslo da fitilu, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasar da a lokacin mutanenta ba su kai miliyan 5 ba. An ɗaure makasan, an gina masa mutum-mutumi a unguwar, an kuma kafa lambar yabo da sunansa ga makarantun da ke yaƙi da wariyar launin fata.

Duk wannan alheri ne, amma a ganina nan aka yi sake. Jama'a sun ɗauki kisan a matsayin aikin wasu 'yan iska kaɗan masu aske kai, da ƙungiyoyinsu suka watse sai hankali ya kwanta. Alhali aƙidar ba ta mutu ba, intanet ta koma, inda ba a buƙatar taro ko shugaba. A can maharin 2011 ya ƙoshi da ita. Kuma a Yulin 2021, kwana biyu kafin cika shekara goma da harin, an wayi gari an rubuta a jikin mutum-mutumin Benjamin cewa maharin Utoya ya yi daidai.

Ko kafin nan, a jajibirin Babbar Sallar 2019, wani matashi ya kashe ƙanwarsa ta riƙo wadda aka ɗauko daga Sin, sannan ya kutsa masallacin Al-Noor da ke Baerum, kusa da Oslo, da bindigogi. Dattijo mai shekara 65, Mohammad Rafiq, shi ya danne shi.

Daga nan ne harshe ya fara sauyawa. A 2020 gwamnati ta fitar da shiri na musamman kan ƙyamar Musulmi. Waɗanda suka tsira daga Utoya, da yawansu har barazanar kisa suka sha bayan harin, suka daina yin kara, suka ce a kira aƙidar da sunanta. A 2021 biyu daga cikinsu, Tonje Brenna da Jan Christian Vestre, suka zama ministoci, majalisa kuma ta zaɓi Masud Gharahkhani, haifaffen Tehran, ya shugabance ta. Matasan Labour kuwa tun 2015 suka koma taronsu a tsibirin.