Game of Thrones da littattafan da aka ɗauko shi: ina suka haɗu, ina suka raba hanya?

Wanda bai gama kallo ba ya dakata a nan, don zan fasa ƙwai.

Wai dama daga littafi aka ɗauko shi?

Eh mana. Jerin littattafai ne da wani Ba'amurke George R.R. Martin ya rubuta, na farko ya fito a 1996, na biyar kuma 2011, shekarar da tashar talabijin ta HBO ta fara haska fim ɗin. Bakwai ya ce zai yi amma har yau na shida shiru kake ji, fim kuwa tuni ya ƙare a 2019 da sizin 8.

To daga ina suka fara saɓawa?

Sizin 1 kusan sawu da ƙafa suka bi littafin, har zuwa sizin 4 ma ba laifi, shi kansa Martin yana rubuta kashi ɗaya a kowane sizin. Daga na 5 aka fara yanke-yanke da gaske, a na 6 kuwa littafi ya ƙare musu. Inda labarin Jon Snow ya tsaya a takarda shi ne inda 'yan uwansa masu gadin katangar ƙanƙara ta arewa suka caccaka masa wuƙa, tashinsa da yaƙinsa da Ramsay duk a fim kawai muka gani.

Yaran labarin, haka shekarunsu suke a littafi?

A'a, an ƙara musu a fim. Daenerys 13 take a farkon littafi, Jon da Robb 14, Bran 7.

Night King fa, yana ciki?

Nan ne mutane ke shan mamaki, babu shi. Wannan mai shuɗin ido da ke ɗaga hannu gawarwaki su miƙe, masu fim ne suka ƙirƙire shi don a samu babban mugu ɗaya da za a kashe kowa ya huta. A littafi ba a nuna dodannin ƙanƙarar nan da yake jagoranta a fim suna da shugaba ba, ba a ma cika ganinsu ba kuma ni a ganina hakan ya fi ban tsoro. Abin da ke akwai tatsuniya ce da tsohuwa mai rainonsu, Old Nan, ta ba Bran, ta wani kwamandan masu gadin katanga na 13 da ya ɗauko wata mace fara fat mai sanyin jiki ya naɗa kansa sarki, ya yi shekara 13 yana mulki a Nightfort kafin sarkin Winterfell da sarkin mutanen bayan katanga su haɗa kai su kawar da shi. Night's King ake ce masa, sunan ne ya yi kama, mutumin daban.

Wa aka cire da ya fi ciwo?

Ni dai Catelyn Stark. Bayan yankan da aka mata a bikin nan na gidan Frey an jefa gawarta a kogi, kerkecin Arya ya jawo ta bakin ruwa, sai Beric Dondarrion ya ba ta ransa shi ya mutu ita ta tashi, maƙogwaro a yanke ko magana ba ta iya yi sosai, ba abin da ta sa a gaba sai rataye duk ɗan Frey da ya faɗo hannunta. Wallahi da sun saka wannan da an ga abu.

Sai wani saurayi da ake kira Young Griff wanda aka ce shi ne Aegon ɗan Rhaegar da kowa ya ɗauka an kashe tun yana jariri, har ya sauka Westeros, ƙasar da ake rikicin mulkinta, da sojojin haya. Ka ga kenan akwai wani mai neman kujerar sarautar da fim bai ma san da zamansa ba.

Da gaske wuta ba ta cin Daenerys?

A fim ne aka mai da ita haka. Martin ya ce shigarta wuta ranar da ƙwayayen diragon suka ƙyanƙyashe abin al'ajabi ne na rana ɗaya, kuma a littafi gashinta ma ƙonewa ya yi ƙurmus. Abin dariyar, sun ƙara mata sihiri sun rage wa 'ya'yan Stark, don a littafi ba Bran kaɗai ke shiga jikin dabba ba, Arya da Jon ma suna mafarki su ga kansu a jikin kerkecinsu.

Auren Sansa da Ramsay?

Bai faru ba. Ƙawarta Jeyne Poole aka aura masa da ƙaryar ita ce Arya, Sansa tana can Vale hannun Littlefinger da sunan bogi.

Kenan ƙarshen littafin zai bambanta?

Masu fim sun ce Martin ya tsegunta musu wasu abubuwa, ciki har da ƙona Shireen da asalin sunan Hodor, saboda haka wasu manyan abubuwan za su zo ɗaya. Amma hanyar kaiwa can ba yadda za a yi ta zama ɗaya tunda Stannis na raye a littafi, Barristan Selmy na raye, matar Robb ma, wadda sunanta Jeyne Westerling ba Talisa ba, ko bikin ba ta je ba balle a kashe ta.